Kaset ɗin da saurayi ke cika wa budurwa a ƙasar Arewa: tarihin wata kyauta da kalmominta

1. Gabatarwa

Abin da za mu duba a cikin wannan maƙala bai wuce tafin hannu ba: kaset ɗin da saurayi ke zaɓo waƙoƙi ya jera a ciki, wani lokaci ya haɗa da muryarsa, sannan ya aika wa yarinyar da yake nema. An yi wannan al'ada a garuruwa da ƙauyukan Arewa tun daga lokacin da radiyo mai kaset ya shiga hannun talakawa har zuwa shekarun 2000, sa'ad da wayar salula ta karɓe aikin. Da "Arewa" muna nufin ƙasar Arawa, waɗanda Zabarmawa da littattafan Faransanci ke kira Mawri, wato yankin da ya bi Dallol Mawri, wanda a yau ya kasu gunduma biyu cikin jahar Doso: Dogon Dutsi da Tibiri. Mai karatu kada ya rikita wannan Tibiri da na Gobir. Shi wannan a ƙarƙashin Dogon Dutsi yake har 2011, lokacin da aka mai da shi gunduma.

Ƙasar ba ta rasa manazarta ba. Marc-Henri Piault ya fitar da littafinsa kan tarihin Mawri a 1970, inda ya bi diddigin sarauta da dangantakarta da gidajen gargajiya irin na Sarauniyar Lugu da Baura na Bagaji. Adeline Masquelier, wadda ta fara aiki a Dogon Dutsi a 1988, ta yi rubutu kan bori (2001), kan mata da farfaɗowar addini (2009), da kan fadar samari (2019). Mu abin da ya ja hankalinmu ta fuskar harshe ne. A Ingila da Amurka irin wannan kaset yana da suna nasa, har marubuta ƙagaggun labarai sun gina labari a kansa. A Arewanci kuwa aikatau ne ke ɗauke da maganar: "ya cika mata kaset", "ya juya mata waƙa", "ta mai da mishi kaset nai". Ra'ayinmu shi ne na'urar ce baƙuwa, amma aikin da aka sa ta tsoho ne: faɗar abin da kunya ta hana baki faɗa, ta bakin wani.

2. Bakin aro

Kafin kaset, saurayin da ke son yarinya yana da hanyoyi sanannu. Akwai ɗan aike, akwai toshi, akwai zance a ƙofar gida inda ƙanwa ko ƙawa ke zaune kusa. Akwai kuma dandali. A nan ne mai kalangu ke wasa yarinya da sunanta da kirarinta, saurayi ya fito ya yi kari, jama'a su gane wanda ya biya da wadda aka biya dominta, alhali shi bai ce uffan ba. M. G. Smith ya nuna tun 1957, a nazarinsa kan roƙo, cewa maroƙi ma'aikaci ne na zaman jama'a, mai bayyana matsayi da dangantaka a bainar mutane. Abin da za mu ƙara shi ne cewa a harkar neman aure makaɗi bakin aro ne. Al'ummar da mace ba ta kiran sunan mijinta, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba za ta rasa dabarun kewaye a maganar so ba.

Radiyo ya ɗauki wannan aiki kafin kaset. An buɗe Radiyo Nijar a 1958, wanda ya zama Muryar Sahel a 1974, kuma tun 1962 ƙungiyar radiyo-kulob ke aika masu rikoda ƙauyuka suna ɗauko muryar manoma ana sakawa a iska. A wannan shekara ta 1962 ne kuma aka buɗe gidan radiyon Kaduna, wanda Arawa ke kamawa a gajeren zango. Shirye-shiryen gaisuwa irin "Zaɓi Sonka" sun koya wa mutane wani sabon abu: ka zaɓi waƙar da wani ya yi, ka liƙa mata sunan wanda kake nufi. Sai dai gaisuwar radiyo duniya duka ke ji, waƙa ɗaya ce, kuma mai gabatarwa ne ke da ikon sa ta ko barin ta.

3. Yadda kaset ya iso

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963, ƙarƙashin jagorancin injiniya Lou Ottens. Hanyar da ta kawo shi Arewa ta kudu ce fiye da ta Yamai. Iyakar Najeriya tana gab da Tibiri da Dumega, kuma a ƙetarenta ma Arawa ne, a yankin Kangiwa, wanda ke cikin jahar Sakkwato har 1991 da aka ƙirƙiro jahar Kebbi. Kuɗin man fetur na shekarun 1970, musamman ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, ya cika kasuwannin Najeriya da radiyo da rikoda da babura. A namu ɓangaren kuma shekarun kuɗin yuraniyom ne. Ɗan ci-rani da ya tafi Sakkwato, Kano, Ikko ko Abijan bayan girbi, in ya dawo gabanin damina, radiyo mai kaset a kafaɗa na cikin shaidun cewa tafiya ta yi kyau.

Wannan hanya ta sha toshewa. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi, daga Afrilun 1984 zuwa Maris 1986 kuma iyaka ta kasance a rufe, abin da ya haɗu da fari har talakawa suka raɗa wa yunwar shekarar suna El Buhari. Amma kaset ba buhun hatsi ba ne. Yana shiga aljihu. Brian Larkin ya bayyana a littafinsa na 2008 yadda kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ta zama cibiyar juya kaset da rarraba shi zuwa ƙasashe maƙwabta. Daga can ne da Sakkwato kaya ke zuwa teburan masu sai da kaset a tashoshin mota na Dogon Dutsi da Kore Mairuwa, a kan babbar hanyar da ta haɗa Yamai da Ƙwanni.

Aikin farko da kaset ya yi wa iyali shi ne na wasiƙa. Mafi yawan mutane ba su karatun boko, kuma wasiƙar Faransanci tana buƙatar mai rubutawa a can da mai karantawa a nan, wato asiri ya bi ta hannun mutum biyu kafin ya isa. Da kaset kuwa ɗan ci-rani zai zauna ya gai da mahaifi da mahaifiya da sauran gida bi da bi, ya faɗi abin da ya aiko da yadda za a raba, ya ba direba ko ɗan gari mai komowa. Ba mu kaɗai muka yi haka ba: Fakistanawan Ingila sun yi ta aika irin waɗannan kaset cikin harshen Fotwari, wanda ba a saba rubutawa ba, kuma a yau ana tattara su a matsayin kayan tarihi. Kaset ɗin budurwa ɗan wannan wasiƙa ne ta wajen uwa, ɗan kalangu ta wajen uba.

4. Cikawa

A nan za mu daɗe, don a cikin aikin hannu ne ma'anar take.

Kaset iri biyu aka fi samu: C60 mai minti 30 a kowane gefe, da C90 mai minti 45. Zaren yana tafiya santimita 4,76 a daƙiƙa, ke nan C90 na ɗauke da kusan mita 130 na zare siriri wanda zafi da ƙura ba su raga wa. Mai na'ura mai baki biyu shi ne sarki: ya sa kaset mai waƙa a ɗaya, sabo a ɗaya. Wanda ba shi da ita sai ya aro radiyon aboki, a haɗa su baki da baki a cikin ɗaki, a roƙi kowa ya yi shiru. Saboda haka ake jin carar zakara, dakan mata ko kiran salla a bayan waƙa. Wani kuma jiran radiyo zai yi, yatsa a kan maɓalli, yana fatan mai gabatarwa ba zai yi magana a kan farkon waƙar ba. A ƙauyukan da babu lantarki komi a kan pil yake, kuma in pil ya yi sanyi lokacin ɗauka, waƙar za ta fito da sauri da siririyar murya a na'urar wadda aka aika wa. Don tsimin pil ne ake mai da zare da biro. Wanda ya gaji da wannan wahala yakan kai jerin sunayen waƙoƙi wurin mai tebur a tasha ya biya a juya masa, amma samari sun san kaset ɗin tasha bai kai wanda aka kwana ana cikawa daraja ba.

Tsawon gefe shi ya fara tace abin da zai shiga. Waƙar Mamman Shata ko ta Musa Ɗankwairo, in an ɗauke ta a wurin wasa, ba ta da iyaka sai inda makaɗin ya ga dama, kuma rabinta na iya zama jerin sunayen masu kyauta. Mai cika kaset dole ya yanke, kuma inda ya yanke yana nuna abin da yake nufi. Waƙoƙin da suka fi dacewa su ne na masu gurmi da kukuma da kuntigi, waɗanda ke maganar so da aure kai tsaye: Haruna Uji na Haɗeja a gaba, sai Ɗan Maraya Jos, wanda "Jawabin Aure" tasa ke zama nasiha ko gugar zana gwargwadon inda aka ajiye ta a jeri.

Abin lura a nan, kuma shi ne ya fi burge mu, shi ne aikin sunayen rana. Haruna Uji ya yi waƙar Jummai. Duk yarinyar da aka haifa ranar Juma'a tana iya amsa wannan suna, haka Balaraba, Talatu, Ladi, Asabe. Tsarin sunayen Hausa ya sa waƙar da aka yi wa mace ɗaya a Haɗeja tana da dubban masu ita a Matankari da Geceme. Saurayin da ya yi sa'a sunan ya dace, ya samu makaɗi kyauta. Wanda bai dace ba kuwa, sai ya tsai da ɗauka kafin a ambaci sunan, don babu kuskuren da ya kai aika wa Hadiza kaset mai kiran wata.

Sai waƙoƙin Indiya. Larkin ya nuna a maƙalarsa ta 1997 dalilin da ya sa matasan Hausawa suka ga kansu a finafinan Indiya: auren tilas, ikon iyaye, so da ke fama da kunya. Muryar Lata Mangeshkar ko ta Mohammed Rafi tana da fa'ida biyu ga mai cika kaset. Gajeriya ce, minti biyar ko shida, kuma babu mai jin kalmominta. In uba ya ji, kiɗa ya ji. Yarinya kuwa ta san fim ɗin ko an ba ta labarinsa. A ganinmu wannan shi ne saye mafi kammala da samarin Arewa suka samu: saƙon da ma'anarsa ke bayyane ga wadda aka nufa, alhali ba a iya kama kowa da kalma ɗaya.

Ƴan lakwal suna da nasu kaset. Mu da muka yi kwaleji a tsakiyar shekarun 1990 mun tarar da zuk na Kassav', rumbar Zayar da waƙoƙin Faransanci masu sanyi, tare da al'adar rubuta sunayen waƙoƙi a takardar kaset da biro mai launi biyu. Wannan jeri yana faɗin abu guda kafin a saurare shi: mai aikowa ɗan boko ne, yana sa ran albashi. Kada mu manta da kiɗan gida na zamanin samariya, wanda bukukuwan matasa na mulkin Seyni Kountché da gasar Ɗan Gurmu da aka fara a 1987 suka ɗaukaka. Amma yawancinsa na faɗakarwa ne da kishin ƙasa, kuma ba da waƙar dashen itace ake neman aure ba.

Tsakanin waƙoƙi, ko a ƙarshen gefe na biyu inda ƴan mintoci suka rage, a nan saurayi ke sa muryarsa. Tsarin maganar na wasiƙa ne: sallama, gaisuwa, ambaton mutanen gida, sannan ɗan abin da ya kawo shi, a taƙaice. Ga masanin harshe wannan guntu shi ne zinariya. Waƙoƙin suna cikin Hausar gabas, ko Indiyanci, ko Faransanci. Muryar kuwa Arewanci ce tsantsa, da "munka" da "sunka", da "taz zo" a maimakon "ta zo", da "shina", da "ɗiya", da "hw" a inda Kano ke da "f". Harsuna uku ko huɗu a zare ɗaya, kowane da aikinsa: na nesa yana ɗaukar nauyin so, na gida yana ɗaukar gaisuwa da ladabi.

5. Wa ke saurare

Kaset ba ya kunna kansa, kuma a yawancin gidaje radiyo na uba ne ko na wa. Yarinya sai ta ara, ko ta tafi ɗakin wata amarya ƙawarta. Ke nan da wuya ta ji shi ita kaɗai. Ƙawaye ne ke fassara jeri, su auna ko na farko ya fi na ƙarshe nauyi, su yanke hukunci. Mai cikawa ya san da haka, yana cika wa majalisa ne.

Haɗarin ba daidai yake ga su biyun ba. Saurayi in abin ya ɓaci dariya za a yi masa a dandali. Yarinyar da aka riga aka yi wa miji, in aka samu kaset mai muryar wani a cikin kayanta, shaida ce da ba ta musuntuwa, don murya ba ta da mai rubutawa da za a ɗora wa laifi. Amsa ma tana da matakai. Riƙewa karɓa ce. Mayarwa ta hannun ɗan aiken da ya kawo ƙi ne. Akwai kuma goge shi a ɗauki wani abu a kai. In an ɓalle ƴan haƙoran da ke hana ɗauka, ɗan salatif ya isa ya rufe ramin.

Abin da ake ɗauka a kai sau da yawa wa'azi ne, kuma wannan ya kawo mu ga shekarun 1990. An kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, kaset ɗin tafsirin Shehu Abubakar Gumi da na almajiransa sun bi hanyar da waƙoƙi suka bi, a tebur ɗaya ake sai da su. Bayan taron ƙasa na 1991, da aka saki mara ga ƙungiyoyi, muhawara kan kiɗa, bori, kuɗin aure da fitar mata ta yi zafi a Dogon Dutsi, kamar yadda Masquelier ta bayyana. Dandali ya ja baya. Mu dai muna ganin wannan matsi ya ƙara wa kaset daraja maimakon ya kashe shi, don abin da aka kora daga fili ya koma aljihu. A Kano ma wasu masu bandiri sun ɗauki karin waƙoƙin Indiya suka mai da su begen Annabi, abin da ke tuna mana cewa kalmar "bege" ta daɗe tana kai da komo tsakanin zawiyya da zance.

A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Pil da kaset sun yi tsada, aikin gwamnati ya ƙafe, aure ya yi nisa ga samari. A wannan zamani ne fada ta bazu: samari zaune a bakin titi, shayi a kan gawayi, radiyo a tsakiya. Saurayin da ba shi da kuɗin turmin zane yana da abu ɗaya a yalwace, lokaci, kuma kaset kyauta ce da ake biya da lokaci.

6. Daga zare zuwa memori

Sauyi na gaba daga Kano ya zo. Littattafan soyayya, irin "In Da So Da Ƙauna" na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991), da finafinan bidiyo da suka fara da "Turmin Danya" (1990), sun haifar da waƙar da namiji da mace ke amsa wa juna da Hausa a kan fiyano. Daga cikin manyan muryoyinta har da ƴar Maraɗi, Fati Nijar. A karo na farko aka samu waƙar so gajeriya, da Hausa, mai faɗin abin a fili. Sayen da Indiyanci ke bayarwa ya ragu, kuma kalmomi irin "masoyiya" da "abar ƙaunata" suka shiga bakin samarin Arewa da lafazin Kano. Ke nan rabon aikin da muka nuna a sama bai rushe ba, ya koma cikin Hausa ne: Kananci na so, Arewanci na gaisuwa.

Celtel ta fara aiki a Nijar a 2001. Ta zama Zain a 2008, Airtel a 2010. Da wayoyin Sin masu katin memori da Bluetooth suka yi araha, mai teburin kaset ya sayi kwamfuta ya zama mai tura waƙa. Ƙarfin wannan hanya ya bayyana a labarin Mdou Moctar, ɗan jahar Tawa, wanda ya ɗauki faifansa na farko a Sakkwato a 2008, waƙoƙin suka bi waya zuwa waya har Mali kafin Christopher Kirkley ya sa ɗaya a tarin da ya fitar a Amurka a 2011. Amma katin da ke ɗaukar ɗaruruwan waƙoƙi ba ya tilasta zaɓe, kuma waya tana jera su yadda ta ga dama. Jeri da yanka, waɗanda su ne nahawun kaset, sun ɓace. Guntun murya na ƙarshen gefe shi ya rayu, ya zama saƙon murya na WhatsApp, wanda ya mai da wasiƙar baka hannun kowa, har da ƴan mata, da yanzu suke da na'urar kansu.

Kalmomi sun fi na'urori tsawon rai. "Faifai" na rufe ƙwarya ne kafin garmaho ya are shi, ya wuce ga sidi, yau kuma ana cewa "faifan bidiyo" ga abin da ba shi da siffa ko kaɗan. "Juya" aikin almajiri ne mai kwafe littafi da tawada kafin ya zama na mai rikoda, kuma a kaset ya samu ma'ana biyu, kwafewa da kifewa zuwa ɗaya gefen. "Naɗa" daga rawani da tabarma ya zo, ya dace da zaren da ke naɗuwa, ga shi har yau gidajen radiyo na "naɗar" murya. "Cika" da "zuba" sun ɗauki waƙa a matsayin ruwa ko hatsi, abin aunawa. "Tura" kuwa, kalmar zamanin waya, ba ta da awo a cikinta. Tagwayen aro irin "pil" da "batir", "manyeto" da "rikoda", suna nuna ta wace iyaka kaya ya shigo da kuma wanda ke magana.

7. Batun ajiya

Taskokin murya na Yamai, na IRSH da na CELHTO da aka kafa a 1968, an gina su ne domin tarihin baka: dattawa, makaɗan fada, masu tatsuniya. Maganar saurayi ɗan shekara ashirin a Sukukutan ko Dankasari, yana gai da yarinya da harshen gidansu ba tare da mai bincike a gabansa ba, irin bayanan da ilimin karin harshe ke nema ne, kuma a waɗannan kaset take. Zarensu na manne wa juna, gara na cin takardar, na'urorin kunnawa na ƙarewa a hannun masu gyara.

Sai dai tattara su ba kamar ɗaukar kirarin sarki ba ne. Wadda ta ajiye kaset a ƙasan akwati yau uwar gida ce, wataƙila da jikoki, kuma ba lalle ne muryar da ke ciki ta mai gidanta ce ba. Kaset ɗin nata ne, muryar ta wani ce, waƙoƙin na wasu ne daban. Shawarar da muke ba ɗaliban sashen da ke shirin aikin fili a Arewa ita ce ɗalibai mata su yi wannan tambaya, a cikin ɗaki, a nemi izinin mai kaset kafin a kunna, a juya a mayar mata da nata a ranar, a cire sunaye daga rubutun, kuma a rubuta jerin waƙoƙin yadda yake tare da inda aka yanke kowace.